Ado a Jikin Bango, Ado a Kan Ƙusa

A lungunan tsohon birnin Marrakesh na ƙasar Maroko, jakuna da amalanke ne ke dakon yashi da buhunan farar ƙasa, domin mota ba ta samun hanya. Mafi yawan kayan nan suna tafiya ne gidajen da ake gyarawa don a mayar da su masaukin baƙi, waɗanda a nan ake kira riyad. Tsarinsu ba baƙo ba ne ga Bakano: bango rufe ta waje, tsakar gida a ciki, ɗakuna kewaye da ita. UNESCO ta sanya birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 1985, daga shekarun 1990 kuma masu kuɗi, musamman Faransawa, suka yi ta sayen tsofaffin gidajen suna farfaɗo da su.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne banɗaki, wurin da mu a gida ba ma tunanin aikin gargajiya zai shiga. A nan ana yi masa wani yaɓe mai suna tadalakt. Farar ƙasa ce da aka ƙona, daga yankin Marrakesh ɗin, a kwaɓa ta da ruwa da launin da ake so, a shafa a bango. Idan ta fara sha, sai magini ya ɗauki ɗan dutse mai santsi wanda bai cika tafin hannu ba, ya yi ta murzawa a kewaye, taki bayan taki, har bangon ya ɗauki sheƙi. Daga nan sai a goga baƙin sabulun man zaitun, wanda ke haɗuwa da farar ƙasar ya toshe ƙofofin ruwa. Aiki ne mai cin kafaɗa, kuma idan aka makara bangon ya bushe, murza ba ta ƙara amfani. Shi ya sa ba kowa ake ba shi ba sai wanda suke kira mu'allim, wato gwanin da ya yi shekaru a ƙarƙashin wani gwanin. Haka tayil ɗinsu na zillij, wanda birnin Fas ya yi suna a kansa: da guduma ake sassaƙa shi ƙanana ƙanana, a jera shi a kife a ƙasa, a zuba kwaɓi a bayansa, sannan a ɗaga allon gaba ɗaya.

To, shiga otal ɗin da aka yi wa kwaskwarima a Kano ko Kaduna. Tayil daga ƙasar Sin, silin roba, labulen Dubai, fitilu masu launi. In an tuna da gargajiya, sai a rataya faifai biyu da ƙwarya a bayan mai karɓar baƙi, ko a manna tambarin dagi a bango. Bambancinmu da Maroko ke nan a ganina. Su sana'ar tana cikin jikin ginin, saboda haka mai masauki ba shi da makawa sai ya nemi gwani ya biya shi, yau da gobe. Tamu kuwa a kan ƙusa take, an saya sau ɗaya a kasuwar Kurmi an gama.

Kuma ba rashin abin yi ba ne. Muna da tubali da azarar giginya wadda gara ba ta ci. Muna da ɗaurin guga, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai maƙura da shi a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Muna da makuba ta ɓawon ɗorawa, da daɓen da mata ke yi da madaɓi suna waƙa, da laso mai hana ruwa shiga soro. Wanda ya zauna a Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa da tsakar rana a watan Afrilu ya san irin sanyin da katangar ƙasa ke riƙewa ba tare da janareta ba. Ko fatar da Turawa suka daɗe suna jingina wa Maroko, kaso mai yawa ta jar akuyar Sakkwato ce da fatake suka ƙetara Sahara da ita, ga dukawanmu nan har yau suna ɗinka tumtum.

Sai dai a faɗi gaskiya, ruwan da ke sauka a Kano ya kai ninki uku na Marrakesh, ginin ƙasa kuwa yana neman yaɓe duk shekara, ɗan kasuwa kuma lissafi yake yi. Sannan su a Marrakesh Turawa masu yawon buɗe ido ne ke biyan kuɗin kwana a ɗaki irin na da. Baƙon otal a wurinmu galibi ɗan gida ne da ya taso a ɗakin ƙasa, yake kuma ganinsa alamar talauci. Shi ma tsarin Maroko ba zan so a kwafo shi dungurungum ba, domin gidaje sun yi tsada a cikin birnin, iyalai da yawa sun sayar sun koma sababbin unguwanni, har ka tarar da lungu ƙofofinsa duk na masaukai ne.

Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu kusa da hanyar. A Agadas, wadda ta shiga jerin UNESCO a 2013, akwai masaukai na ginin ƙasa da baƙi ke nema da gangan. A Dandaji kuma, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse, tare da maginan garin, aka kammala a 2018. Mai otal a Kano da ke son gwadawa zai iya farawa da ɗaki ɗaya ko zaure, amma wahalarsa ta farko ita ce samun maginin da har yanzu ya iya haɗa laso. Bayan shi sai kayan haɗin lason: katsi, wanda ba a samunsa sai a marinar da ke aiki irin ta Ƙofar Mata, sai kuma gashin jima daga majema.