Ɗakin Haya a Agege

Mutanen garinmu suna zaton duk wanda ya tafi Ikko ya tafi ɗibar kuɗi ne. In ya zo sallah da sabuwar riga, sai a ce wane ya haye. Ba su san kafin ya kai loma baki, sai mai gidan haya ya ci nasa ba.

Mahaifina yana sayar da goro a Agege, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama a bakin hanyar jirgin ƙasa. Ɗaki ɗaya yake haya, a irin gidan nan mai ɗakuna suna kallon juna, madafa ɗaya, makewayi ɗaya. Na yi hutu biyu a can, na ga yadda ake kama layin wanka tun asuba.

Mai neman ɗaki a Ikko, kuɗin shekara guda ake nema a hannunsa tashi ɗaya. Dillali kuma ya karɓi kamar kashi 10 cikin 100, ga kuɗin takardar yarjejeniya, ga na ajiya saboda ɓarna. A 2011, zamanin Gwamna Fashola, an kafa dokar da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Amma wa zai kai ƙara, alhali ga wasu a bayansa suna jiran ɗakin?

Dalilin tsadar ba ɓoyayye ba ne. Teku da tafki sun matse birnin, mutane kuwa kullum ƙaruwa suke. Ko da aka mai da babban birni Abuja a 1991, tashar jiragen ruwa ta Apapa da kasuwanni ba su bi ba. Bayan an janye tallafin man fetur a 2023, naira ta faɗi, siminti ya hau, haya ta bi shi.

Da aka yi wa Baba ƙari, dole ya mai da Inna da ƙannena gida, ya raba ɗakin da wani abokin sana'arsa. Yanzu sau ɗaya muke ganinsa a shekara. Autarmu har ƙyuya take masa. Ni ma garin kwaki da ƙuli-ƙulin da nake zuwa da su makaranta sun ragu, ban kuwa yi ƙorafi ba, don na san inda sauran ya tafi.

Gwamna Jakande ya gina wa talakawan Ikko gidaje masu sauƙin kuɗi tsakanin 1979 da 1983. Ina roƙon shugabanni su waiwayi wannan aiki. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai da iyayenku ke ci-rani a Kudu, in an aiko da ɗan abu ku karɓa hannu biyu. Ragowar kuɗin haya ce. Allah ya rufa wa iyayenmu asiri, amin.