Gidan Malam a Gindin Duwatsun Kazaure

Wanda ya taso daga Kano ta hanyar Daura, da ya wuce Dambatta zai ga ƙasa ta fara tudu da gangare, duwatsu suna leƙowa ta bayan gonakin gero. Kazaure ke nan ta kusa. A cikin waɗannan duwatsu Ɗan Tunku ya kafa zamansa bayan ya yi ta gwabzawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau mulki a 1819, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, Kazaure ta tsaya da ƙafarta. Yau masarautar ta haɗa Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Baƙo yakan nufi fada ko bakin dam. Ni gidan wani dattijon malami na nufa a tsohon gari, ɗaya daga cikin 'yan gidajen ƙasa da siminti bai cinye ba tukuna.

Daga waje ba abin gani: doguwar katanga ja, zankwaye biyu a kan zaure, indararo ya miƙo wuya. Sai ka sunkuya ka shiga, sanyi ya buge ka, idonka ya ɗauki ɗan lokaci kafin ya saba da duhu. Kaurin bangon ne yake shanye zafin rana, ba ya sakinsa sai dare. Da na ɗaga kai na ga ɗaurin guga, bakuna huɗu sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, an liƙa tsohuwar tasa a mahaɗarsu. Azarar giginya gara ba ta cin ta, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta yi nisa, shi ya sa magina suke jera ta, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har baka ya tashi. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufa masallacin Juma'a na Zariya a wajajen 1830, ga ta nan a zauren da bai fi cin mutum goma sha biyar ba.

Malam yana kan buzu, ya jingina da bangon da bayansa ya goge har yana sheƙi. Alluna a jingine a kusurwa, gafaka a rataye, littattafai a cikin alkuki, kurtun tawada da damin alƙaluma a gefen damansa. Ƙofar da ke shiga ciki ba ta kallon ta waje. An karkatar da ita gefe, yadda mai wucewa a titi ba abin da zai hango sai bango.

Wannan karkacewar ce ta tuna mini da gidajen malaman Sin na da. Su ma sukan gina gajeren bango daidai bayan ƙofar gida, mai shiga dole ya kewaya. A birnin Suzhou akwai lambunan da irin waɗannan masana suka bari, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1997. Mafi girmansu wani jami'in sarki mai suna Wang Xianchen ne ya fara gina shi wajen 1509, bayan ya ajiye aiki: tafki a tsakiya, gadoji masu lanƙwasa, duwatsu masu ramuka da ake ɗebowa daga tafkin Tai a tara su zama tsauni, ɗakin karatu a can ƙurya cikin gora. An tsara hanyoyin yadda ba za ka taɓa ganin lambun gaba ɗaya daga wuri guda ba. Wani gwanin tsara lambu, Ji Cheng, ya rubuta littafi kan wannan sana'a a 1631, inda ya yi bayanin yadda mai lambu zai bar ido ya tsallake katanga ya ɗauko tsauni ko hasumiyar da ke nesa, su zama kamar nasa. A Kazaure ba wanda ya karanta Ji Cheng, amma da ka fita daga zauren Malam zuwa sararin ƙofar gida, ga dutse can ya hau kan katanga ya zauna.

Nan ne lambun, in za a kira shi lambu. Darbejiya ce babba a tsakiya, gindinta randa biyu da moɗa. Sai rijiya, da lemon tsami da ke shan ruwan alwala, da zogale jere a bakin katanga, da lalle, da dabino guda wanda Malam ya ce mahaifinsa ne ya dasa. Ba fure ko ɗaya. Na ce, "Allah gafarta Malam, ba a shuka abin ado?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, abin da ba a ci, ba a sha, ba ya inuwa, wa zai ja masa guga?"

Gaskiyarsa. Ƙasar da ke samun ruwan sama wata huɗu ba ta haƙa tafki don kallon kifi. Har kayan karatun ma daga itace da ciyawar dawa suke fitowa: allo daga aduwa, alƙalami daga gamba, tawadar allo daga gawayi da ƙaro, ta takarda kuwa daga 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera. Masanin Sin ma da baƙin hayaƙin itace da danƙo yake haɗa tasa tawadar, sai dai shi busar da ita ake yi sanda, ya riƙa gogawa a kan dutse da ɗan ruwa.

Inda suka rabu ya fi inda suka haɗu yawa, kuma ni nan ne ya fi ɗaukar hankalina. Wang ya gina lambunsa ne don ya guje wa mutane, ya kai ɗakin karatunsa can inda ƙafa ba ta isa, sai aminai 'yan kaɗan masu waƙa da zane. Malamin Hausa kuwa ɗakin da ya fi kashe wa kuɗi, mai tsayin rufi da ado, shi ya ajiye a bakin titi. Cikin ɗan zaman da na yi, almajirai sun biya karatu sun tashi, wani magidanci ya zo da maganar rabon gado, wata tsohuwa ta aiko a yi mata rubutun sha, mai goro ya shigo ya huta ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Abin da aka ɓoye shi ne iyali, bayan shigifa, kuma nan ne iyakar baƙo namiji. Daga can sai amon turmi da hayaƙin girki.

Riƙe irin wannan gida ba wasa ba ne. Hadari daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas kullum shi ke fara zubewa, sai an yi masa yaɓe kafin damina, a shafe rufi da makuba ta ɓawon ɗorawa, a share indararo. Maginan da suka iya ɗaurin guga sun tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo da kwano, azara kuma ta yi tsada don giginya ta ragu. Maƙwabcin Malam na hagu ya rushe zaurensa ya fitar da shaguna biyu, ɗaya na cajin waya. Babban ɗan Malam ya kawo irin wannan shawara bara, ya ce ko rabin zauren ne a yanka. Malam ya ce masa ya fara nemo inda almajirai za su zauna in ana ruwa, sannan a yi maganar.