Daga Briqueterie zuwa Bakin Teku: Ina Za a Kwana?

Idan yara suka dame ka da maganar teku, kada hankalinka ya tafi tsibirin Bioko, inda Malabo take. Kuɗin jirgi kaɗai ya isa ya taɓa jari. Kribi na nan kusa. A yi sammako daga Briqueterie zuwa tashar Mvan, a bi ta Edeya, kafin la'asar an ga ruwa.

Makwanci ne ke cin kuɗi a Kribi. Otal ɗin da ƙofarsa ke kallon rairayi, har iskar teku sai ka biya. Tsallaka titi ka shiga cikin gari, farashi ya sauko, ga bakin ruwan minti kaɗan a babur. Mai iyali kuwa ya nemi gidan hayar kwanaki mai ɗakin girki, wanda ake kira meublé. Uwargida ta sayo kifi a Mboamanga, inda masunta ke sauke kamu, ta dafa yadda aka saba. An huta da kuɗin gidan abinci, an huta da tambayar me aka zuba a tukunya.

Kafin a tashi, a tambayi abokin ciniki ko wani a masallaci wa ya sani a can. Al'adar mai masauki ba ta mutu ba. Amma kada ka tura ko dala ta waya don hoton ɗaki da ka gani a Facebook. Je ka duba famfo, ka tambayi zancen wuta, sannan a yi ciniki.

A kauce wa Kirsimeti da Sabuwar Shekara, lokacin farashi ke hawa. Tsakiyar mako ya fi sauƙi. Rarar kuɗin ta kai yara Lobé, kudu da gari kaɗan, inda kogi ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku.