Launin Harshen Wuta

A shekarun 1980, lokacin da Turawa matafiya ke ratsa Sahara su biyo ta Agadas da Tawa, wani Bafaranshe ya ya da zango a Birnin Konni da motarsa mai ɗakin kwana. Hunturu ya kankama, na'urarsa ta dumama ruwa da gas kuwa ta tabarbare: harshen wutarta rawaya, sai baƙanta bango take yi, shi kuma kullum da ciwon kai yake farkawa.

Kawuna, mai gyaran risho, bai taɓa ganin irinta ba. Ya shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo. Kumfa bai taso ba. Ya rufe tukunyar gas, ya zare bututun murhun. Ashe zanzaro ne ya yi gini a ciki, ya toshe hanyar iska. Da ya kankare lakar, wuta ta fito shuɗiya.

"Ɗana," in ji shi, "wutar da ba ta ƙoshi da iska ba, gubarta ba ta wari, a barci take kisa."

Tun da matatar Damagaram ta soma aiki a 2011, gas ya yawaita a gidajenmu. Ni dai har yau ba na ɗora tukunya sai na dubi launin wuta.