Zagaye a Dajin Eifel Cikin Tsohuwar Porsche

Idan ka bar birnin Kolon ka nufi kudu, bayan tafiyar kamar awa ɗaya za ka ga ƙasa ta fara tudu da kwari, daji ya rufe hanya dama da hagu. Wannan yanki shi ne Eifel, a yammacin Jamus, kusa da iyakar Beljiyam. A da yankin talakawa ne, sanyi ya yi masa yawa, noma ba ya ciyar da mutanensa. Neman yadda za a sama musu aikin yi na cikin abin da ya sa aka fara gina hanyar tseren motoci a nan a 1925, aka buɗe ta a watan Yunin 1927. Sunanta Nürburgring, daga tsohuwar fadar dutse ta Nürburg da ke kan tsauni tana kallon hanyar. Ɓangarenta na arewa, wanda ake kira Nordschleife, kilomita 20.8 ne, da kwana 73 a ƙidayar hukuma, kuma tsakanin inda ya fi ƙasa da inda ya fi tudu akwai tazarar kusan mita 300. Ƙauyuka sukutum suna zaune a cikin da'irar.

Ba tseren ƙwararru ya kai ni ba. Abin da na je gani shi ne ranakun da ake buɗe wa gama-garin mutane hanyar. Duk mai lasisi da motar da doka ta yarda ta hau titi yana iya sayen tikiti, a ɗaga masa shinge, ya shiga inda manyan direbobin duniya suka yi suna. Lokacin da na je, kuɗin zagaye ɗaya Yuro 30 ne ko sama da haka kaɗan, gwargwadon rana. Akwai kuma ranakun da ƙungiyoyin masu sha'awa ke kama hanyar gaba ɗaya, a taru da safe a ji bayanin dokoki, kowa ya sa hular kwano, a wuni ana zagaye. Ko a wace rana, ba kofi, ba kyauta, ba wanda zai tafa maka. Mutum ne da motarsa da kuɗin aljihunsa.

Wanda ya ɗauke ni wani dattijo ne, maƙwabcin mai masaukina, malamin makaranta da ya yi ritaya. Motarsa Porsche 911 SC ce ta 1981, mai ƙofa biyu da rufi gajere da ya gangara baya, kujerun bayanta ko yaro sai ya takure. A ƙarshen lambarta akwai harafin H. A Jamus tun 1997 motar da ta kai shekara 30, aka kuma tabbatar an riƙe ta a kamanninta na asali, ana ba ta wannan lamba, a ɗauke ta a matsayin kayan tarihi mai tafiya, a yanka mata harajin shekara guda ɗaya da bai kai Yuro 200 ba. Wannan kaɗai ya burge ni: hukuma ta zauna ta yi tunanin yadda za ta ƙarfafa wa mutum gwiwa ya kula da tsohon abu.

Kafin mu motsa ya buɗe bayan motar, don can injin yake, bayan ƙafafun baya ma. Silinda shida ne a kwance, uku nan uku can, lita uku, ƙarfin doki 204. Ba lagireto, ba ruwa. Fanka ce babba ke hura wa injin iska, sai baƙin mai da ya haura lita goma yana taimaka mata kwashe zafi. Ya danna fanbel da babban yatsa, ya leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigo, ya auna iskar tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya kwashe duk wani tarkacen da zai iya yawo a cikin mota. Na tambaye shi me ya sa yake tsananta maganar ɗigon mai haka. Ya ce, "Abokina, man da ya zuba daga motata ba ni zai kayar ba, na bayana zai kayar." Mukullin ma a hagun sitiyari ake sa shi. Da ya murɗa, injin ya amsa da wata murya mai kaushi haɗe da shuuu ɗin fanka, wadda duk wanda ya taɓa jin ta ba ya mantawa.

Wurin ajiye motoci da ke bakin shiga kasuwa ce ta idanu. Ga lambobin Holan da Beljiyam da Faransa da Ingila, ga sababbin motoci masu fukafukai a baya, ga tsofaffin BMW da Alfa Romeo da Ford Capri, kowace an goge ta tana sheƙi. Mai motar miliyoyi yana durƙushe yana kallon ƙasan motar wani saurayi da bai fi ƙarfin taya huɗu ba, suna muhawara kan birki. Ban ga wanda ya raina motar wani ba.

Aka ɗaga shinge muka shiga. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne dattijon bai taka totur ba. Ya ce sai mai ya yi ɗumi, sai taya ta yi ɗumi, sai shi ma kansa ya yi ɗumi. A ranakun jama'a dokar titin Jamus ce ke aiki a hanyar: hannu ɗaya ake bi, ba a wuce mota sai ta hagu, ba a tsayawa, kuma an hana auna lokaci. Idonsa kullum yana kan madubi. Da ya hango mai sauri sai ya kunna sigina ta dama, ya matsa, ya ba shi hanya, wancan ya ɗaga hannu ya wuce. Ba ja-in-ja, ba jin haushi.

Sannan muka gangara sashen da ake kira Fuchsröhre. Hanya ta faɗa cikin kwari kamar an tunkuɗa ta, bishiyoyi suka zama kore ɗaya a gefen ido, da muka isa ƙasan kwarin nauyina ya ninku, kujera ta haɗiye ni, kafin in numfasa har mun fara hawa. A nan na gane abin da ya sa tsohuwar mota ta fi daɗin koyo. Wannan ba ta da kwamfutar da za ta gyara wa direba kuskure. Birkinta ba ya hana taya daskarewa, sitiyarinta ƙarfin damtse ne, giyarta biyar ba sa son gaggawa. Nauyinta kuwa ya fi yawa a baya. Saboda haka idan mutum ya shiga kwana da gudu, tsoro ya kama shi a tsakiya ya ɗage ƙafa daga totur, nauyi zai koma gaba, ƙafafun baya su saki kwalta, gindin motar ya zagayo ya sha gaban hancinta. Abin da jiki ke umartarka da shi lokacin firgici shi ne daidai abin da motar ba ta yafewa. Dabarar ita ce ka gama birkinka tun kana miƙe, ka shiga kwana da sauƙi, ka riƙe totur daidai, sannan ka ƙara a hankali, nauyin injin ya danne tayoyin baya su cije ƙasa, motar ta fita kamar an harba ta. Na dubi hannuwansa. Ba su fizga ba ko sau ɗaya. Ƙafafunsa ne ke ta aiki a ƙasa, dama tana taka birki tana kuma taɓa totur a lokaci guda, don injin ya yi daidai da giyar da zai sauka.

Muka sauka Breidscheid, inda hanya ke tsallake gada a gefen garin Adenau, muka fara hawa. Kafin kwanar Bergwerk ya nuna mini hagu da haɓa. A wajen nan ne motar Ferrari ta Niki Lauda ta kama da wuta ranar 1 ga Agustan 1976, 'yan'uwansa direbobi suka tsaya suka ciro shi. Bayan mako shida ya koma tsere da ƙunar a fuskarsa, amma gasar Formula 1 ba ta sake komawa Nordschleife ba. Tun kafin nan Jackie Stewart, wanda ya ci tseren 1968 cikin ruwa da hazo da tazarar minti huɗu, ya laƙaba wa wurin Koren Jahannama. Har yau yakan faru rana na haskawa a wani sashe, ana tsuga ruwa a wani.

Karussell ce kwanar da kowa ke jira. Tana juyawa hagu kusan ta koma inda ta fito, cikinta an shimfiɗa faifan kankare a karkace. Asalinsa magudanar ruwa ce, kuma ana danganta dabarar jefa taya a ciki ga Rudolf Caracciola, wanda ya ci tseren motoci na farko a nan a 1927. Dattijon ya jefa motar ciki, duniya ta kishingiɗa, komai na motar ya shiga kakkarwa, haƙorana suna haɗuwa, shi kuwa yana kallon mafita ta saman gilas yana murmushi. Daga nan sai Hohe Acht, ƙololuwar hawan, sai jerin kwanonin da ba ka ganin bayansu sai ka shiga. A Brünnchen mutane sun jeru bayan waya da kujerun naɗewa da kyamarori. Kwaltar kanta cike take da rubuce-rubucen fenti na masoya.

Ba wanda ya ɓoye mini haɗarin wurin. Ana yin karo, ana rasa rai. Amma an tsara wa abin ɗawainiya. Akwai ma'aikatan tsaro da tutoci masu ruwan ɗorawa, akwai janwe da motar asibiti a shirye. Wanda ya daki shingen ƙarfe shi zai biya kuɗinsa mita-mita, ya biya janwe, idan an rufe hanya saboda shi ya biya wannan ma, kuma kamfanonin inshora da yawa sun cire wurin daga abin da suke ɗauka. Wanda ya san haka ba sai an yi masa wa'azi ba. Na tuna samarinmu masu wasan mota ranar ɗaurin aure, a titin da yara ke tsallakawa. Son gudun da ke ransu shi ne a ran wannan dattijo, ba bambanci. Shi dai an gina masa inda zai kai shi, an kewaye, an sa doka, an ce abin da ka ɓata naka ne.

Mutanen yankin sun rungumi abin. Gidajen baƙi, garejoji, masu hayar motoci, masu koyar da tuƙi, duk daga hanyar suke ci, ga kamfanonin motoci da ke kawo sababbin ƙirarsu gwaji, don sai an gwada akan san na ƙwarai. 'Yar yankin da suka fi alfahari da ita Sabine Schmitz ce, wadda ta tashi a otal ɗin iyayenta a Nürburg, ta zama mace ta farko da ta ci tseren awa 24 na wannan hanya a 1996, ta maimaita a 1997, ta kuma shafe shekaru tana ɗaukar baƙi zagaye a tasin BMW. Da ta rasu a 2021 aka sa wa kwanar farko ta Nordschleife sunanta.

Mafi saurin zagaye da aka taɓa yi a nan minti 5 da daƙiƙa 19 ne, Timo Bernhard ya yi shi a 2018 da motar tsere ta Porsche. Da na ambata wa dattijon, ya gyaɗa kai cikin girmamawa, ya ce wannan ba layinsa ba ne. Abin da yake shiga wata irin gasa ce ta masu sha'awa da ake yi a wannan hanya, inda sauri ba ya ba ka maki. Za ka yi zagaye ɗaya a rubuta lokacinka, sannan a ce ka maimaita shi daidai, duk abin da ka ƙara ko ka rage a ci ka tara. Kilomita ashirin da ɗoriya, kwana saba'in da uku, iska ta canja, taya ta yi zafi, wasu motoci sun tare ka, amma ka dawo kan daƙiƙar da ka bari. Mutum biyu ne a mota, ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da agogo. Matarsa ce ke riƙe masa, kuma ya ce a bara ta fara cewa lokaci ya yi da za su yi musayar kujera.