Bikin da Aka Shirya wa Ɗan Ciki a Chennai

Jinya ce ta kai mu Chennai, ni da Hajiyarmu. Birni ne na bakin teku a kudancin Indiya, wanda har zuwa 1996 Madras ake ce masa. Tun daga filin jirgi titi ya cika da A Daidaita Sahu masu ruwan ɗorawa, har Hajiya ta ce ashe garinsu muka zo. Ɗan Indiyancin da na tsinta a finafinai kuwa bai saya mini ko ruwan sha ba, don mutanen nan Tamil suke ji.

Mun kama ɗaki a unguwar Mylapore, kusa da babban wurin bautar nan na Kapaleeshwarar. Hajiya ta fara samun sauƙi ke nan, sai matar mai gidan ta hawo ta gayyace mu biki. Da asuba muka iske an zane ƙofar gida da garin shinkafa, an rataya ganyen mangwaro, mata sai shigowa suke cikin sari na siliki, kawunansu fal furen yasmin. Na ɗauka aure ne. Aka fito da wadda ake taron dominta, matar ɗan gidan, sai ga ciki tirtsitsi.

Hajiya ta dafa ni. "Ke 'yar nan, cikin fari ne ake wa shela haka?"

Ban ga laifinta ba. A wajenmu mai cikin fari ɓoyo take yi, ta zurma hijabi, ko uwarta ba ta iya kallo ido cikin ido ta faɗa mata. Nan ga yarinya an zaunar da ita a tsakiyar jama'a, surukinta na kai kawo da kujeru, ita kuma tana ta murmushi.

Walaikappu ake kiran wannan sashe, kuma na mata ne zalla. An fara ɗaura mata wani siririn abin hannu da aka murɗa daga ganyen darbejiya, wai maganin baki da ido. Daga nan aka ajiye tire shaƙe da awarwaron gilas, ja da kore, irin wanda garin Firozabad ya yi suna wajen ƙerawa. Tsofaffi suka fara, matan aure suka biyo. Kowace ta shafa mata sandal a kumatu, ta ɗiga mata jan gari a goshi, ta matse mata yatsu ta zura awarwaro. Wata tsohuwa ce ke lissafi, don ba a son adadin ya tashi cif biyu-biyu. Kafin a gama hannuwan sun cika har kusa da gwiwa, ko gashinta ta gyara sai ka ji caras-caras.

Na tambayi wata malamar makaranta da ke kusa da ni amfanin wannan lodi. Ta nuna cikin, ta ce saboda shi ne. Yana ji. Ana so ya saba da sauti mai daɗi, ya san akwai masu jiransa. Sai ta kawo mini labarin Abhimanyu daga littafinsu na Mahabharata: yana cikin uwarsa Subhadra ya ji ubansa Arjuna yana bayanin yadda ake kutsawa cikin wani zoben mayaƙa. Barci ya kwashe uwar kafin a zo kan yadda ake fita. Da ya girma ya shiga zoben, bai fito ba. Likitoci ma sun tabbatar ɗan tayi kan fara jin sauti wajen wata na shida, amma ban taɓa ganin inda aka ɗauki zancen da muhimmanci har a tara dangi a kansa ba. Wallahi abin ya burge ni.

Da hantsi malamin addininsu ya iso, aka hura wuta a wani ɗan murhu na bulo, aka shiga sashen da ake kira Simantam. Mu dai muka koma gefe muna kallo, ba wanda ya matsa mana. Malamin yana zuba man shanu a wuta yana karatu da harshen Sanskrit, mijin na maimaitawa. Can ya miƙa wa mijin wani tsinke mai zanen fari da baƙi. Hajiya ce ta fara gane shi: ƙayar beguwa. Da ita mijin ya tsaga wa matarsa gashi daga goshi zuwa tsakiyar kai, a hankali, hannunsa na ɗan rawa. Wannan yana cikin bukukuwa goma sha shida da Hindu ke yi wa mutum a rayuwarsa, uku daga ciki tun kafin a haife shi.

Namiji ne ko mace? Na yi tambayar, aka yi mini dariya. Tun 1994 dokar Indiya ta hana likita faɗin jinsin abin da ke ciki, saboda yadda wasu ke zubar da cikin 'ya mace. Sai dai tsofaffi su yi ta canka daga zubin cikin.

Abinci a kan ganyen ayaba aka zuba, shinkafa kala biyar: ta tsamiya, ta lemon tsami, ta kwakwa, ta kindirmo, da mai zaƙi. Ta tsamiyar ce ta tafi da ni. Malamar ta ce gwamnatin jihar Tamil Nadu ma takan tara matan da ba su da hali ta yi musu irin wannan biki a zaure guda, a haɗa da faɗakarwa kan awo da abinci mai gina jiki.

Da la'asar aka fito da akwatuna. Iyayen yarinyar za su tafi da ita, a can za ta haihu, sai jariri ya yi 'yan watanni ta dawo. Hajiya ta tafa hannu. "Goyon ciki! Ashe su ma suna yi." Ta sa ni na tambaya ko akwai wankan jego. Matar gidan ta ce akwai, da ruwan zafi, bayan an mulke mai jego da mai.

"To, saura kunun kanwa," in ji Hajiya. "Tambaye ta wannan ma."