Kuka Kafin Allura

Ranar riga-kafi a ƙaramin asibiti, jaririn da aka kawo karo na farko shiru yake a goye, sai allura ta shige shi sannan ya tsala ihu. Ɗan shekara biyu kuwa tun daga bakin ƙofa yake farawa. Warin magani da farar riga sun ishe shi. Da ma masu iya magana sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To, a ina wannan darasi yake zama a jiki? Yawancin amsar daga ɓeraye aka samo ta. A ɗakunan bincike na Amurka, irin na Joseph LeDoux a Jami'ar New York, akan sa ɓera a akwati, a kunna masa wata ƙara, a ƙarshenta a ɗan ja masa lantarki a ƙafa. Washegari da jin ƙarar kaɗai sai ya daskare, ba motsi sai numfashi. Saƙon ƙara da saƙon zafi suna haɗuwa ne a wani ɗan curi can cikin ƙwaƙwalwa mai suna amigdala. Mu ma muna da shi, ɗaya a dama, ɗaya a hagu.

Ƙwayoyin jijiya ba manne suke da juna ba. A kowace mahaɗa akwai tazara ta kimanin a raba milimita gida 50,000 a ɗauki ɗaya. Ƙwaya ta farko sai ta saki sinadari, ta biyu ta karɓa. A wannan hanya ta tsoro, sinadarin shi ne gulutamet, shi ɗin dai da ke sa daddawa da farin magi daɗi a miya, ko da yake ƙwaƙwalwa nata take haɗawa da kanta, na miya da ƙyar yake isa can.

Makarɓansa iri-iri ne, amma biyu ne suka fi ɗaukar hankalina. Mai suna AMPA ƙofa ce mara sakata: gulutamet na taɓa ta take buɗewa, saƙo ya wuce. Mai suna NMDA kuwa, ko gulutamet ya zo, akwai maganiziyam toshe a bakinta, ba ya fita sai ƙwayar ta motsu da ƙarfi. Ƙara ita kaɗai ba ta isa ba. Amma in zafin lantarki ya iso a daidai lokacin, toshiyar sai ta fice, kalsiyam ya kwarara ciki, ƙwayar kuma ta ƙaro makarɓan AMPA a wannan mahaɗa. Daga ranar, ƙarar da a da ba a kula ta, ita kaɗai ta isa ta daskarar da ɓera. A 1990, Michael Davis da abokan aikinsa a Jami'ar Yale suka toshe NMDA a amigdalar ɓeraye da magani. Ɓerayen suka kasa koyon sabon tsoro, amma wanda suka riga suka koya yana nan daram.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda tsoron yake lafawa. In aka yi ta kunna ƙarar babu lantarki, a hankali ɓera yakan daina daskarewa. A 1992 ɗakin binciken Davis ya nuna cewa in an toshe NMDA, wannan lafawar ma ba ta yiwuwa. Ashe samun natsuwa shi ma koyo ne, sabon darasi a kan tsohon, tsohon kuma bai goge ba. Shi ya sa bayan kwanaki, ko in an canza wa ɓeran akwati, tsoron kan dawo.

Muna da mutane da yawa da suka tsira daga hari ko haɗarin mota, waɗanda fashewar taya ko bugun ƙofa ke sa su zabura. Don Allah a daina ce musu "ai ya wuce, ka manta," a daina kiransu matsorata. In abin ya hana su barci ko fita neman abinci, a raka su wurin likita. Akwai magani na zama da ƙwararre, inda ake tunkarar abin tsoron kaɗan-kaɗan cikin aminci, kuma yana aiki ga mutane da dama.